Rabon gado da rabon tukunya a lafiyar hanji

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin mutanenmu mazauna Legas, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko wajen 'yan gwari a Mile 12. Mutum ya daɗe yana fama da kumburin ciki, ko ƙwannafi, ko taurin bayan gida, ka ce masa ya je a duba shi, sai ya ce: "Ai mu gadon gidanmu ne, haka Baba ya yi ta fama har Allah ya yi masa rasuwa." Da ya faɗi haka zance ya ƙare. A ganinsa abin da aka gada ba a kai shi asibiti, sai dai haƙuri da jiƙo.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar warwarewa. Gado yana da hannu a yadda cikin mutum ke aiki. Amma rabonsa bai kai yadda ake ɗauka ba, kuma inda yake da hannun, sau da yawa ba kai tsaye yake shiga ba, ta kan wasu ƙananan halittu da ke zaune a hanjinmu yake bi.

Waɗannan halittu, galibinsu bakteriya, yawansu ya wuce tunani. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi, wanda aka fitar a 2016, ya ce jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado, wato umarnin halitta da ake gada daga iyaye, kimanin 20,000. Wani bincike na 2010 ya lissafa ƙwayoyin gadon halittun hanji ya samu sama da miliyan 3. Ke nan akwai ayyuka da yawa na narkar da abinci da jikinmu bai iya ba, su ke yi mana. Harzar da ke cikin gero da dawa da wake da ganye, cikinmu da ƙaramin hanjinmu ba sa iya narkar da ita. Haka take gangarawa babban hanji, bakteriya su ci, su fitar da wasu sinadarai, daga ciki har da wanda ake kira butiret, kuma shi ne babban abincin bangon hanjin kansa. Suna samar da bitamin K da wasu daga cikin bitamin B, suna cike gurbi don kada masu jawo cuta su samu wurin zama, suna kuma horar da garkuwar jiki tun mutum yana jariri.

Ba a haihuwar mutum da su a cikin jini. Ɗauka ake yi: wajen haihuwa, daga nonon uwa, daga hannun masu raino, daga tabarmar da yaro ke rarrafe a kai. Tambayar ita ce, tunda ɗauka ake yi, me ya sa na 'yan gida ɗaya suke kama da juna? Jini ne ko zaman tare?

Hanyar da aka fara bi ita ce ta tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu iri ɗaya ne sak, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar wa da ƙane suke. Idan masu kama ɗaya sun fi kama da juna a wani abu, to gado ya sa hannu. A 2014 masu bincike daga jami'ar Cornell a Amurka da King's College ta Landan suka gwada bayan gidan tagwaye 416, wato mutum biyu-biyu, a Ingila. Suka ga lalle akwai wasu nau'o'in bakteriya da ke bin gado. Wanda ya fi kowanne shi ne dangin Kiristensenela, wanda kuma aka fi samu a jikin marasa ƙiba. Da aka sa wa ɓeraye shi, ba su yi ƙiba kamar sauran ba. Labarin ya yi tashe sosai a lokacin.

Bayan shekara huɗu sai ga wani bincike daga cibiyar Weizmann ta Isra'ila, a kan mutum 1,046 da kakanninsu suka fito daga wurare daban-daban, Turai da Arewacin Afirka da Yaman, amma yanzu suna rayuwa iri ɗaya. Asalin mutum bai nuna wani tasiri a kan halittun hanjinsa ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne: mutanen da ba su haɗa jini ba amma suna gida ɗaya, nasu sun yi kama, 'yan'uwan jini kuwa da ba su taɓa zama tare ba, nasu ba su yi kama ba. Masu binciken suka ƙiyasta cewa idan an ɗauki matsakaici, rabon gado bai cika kashi 2 cikin 100 ba, alhali abinci da magunguna da yanayin jiki sun haura kashi 20.

Binciken biyu ba su ƙaryata juna ba. Gado yana riƙe da wasu 'yan tsirarun nau'o'i da ƙarfi, sauran kuma taɓawa kawai yake yi. Da aka tara bayanan mutum 18,340 daga ƙasashe da yawa a 2021, ana neman takamaiman wurin da gado ke juya bakteriya, wuri ɗaya ne ya fito fili ba tababa, kuma wurin ya shafe mu ƙwarai, domin zancen madara ne.

Je teburin mai shayi a Agege da sassafe, kafin motocin Oshodi su cika. Mutum biyu sun zauna a benci ɗaya, kowa an haɗa masa shayi mai kauri, an juye rabin gwangwanin madara, ga burodi. Ɗaya ya sha ya tashi ya kama harkarsa har azahar bai ji komai ba. Ɗayan kafin awa biyu cikinsa ya fara ƙugi, ya kumbura kamar an hura, iska ta dame shi, wataƙila ma ya nemi banɗaki da gudu. Shi zai ce mai shayi ne bai wanke kofi ba. Sau da yawa ba laifin kofi ba ne.

A cikin madara akwai sukari mai suna laktos. Kafin jiki ya amfana da shi sai wani sinadari da ƙaramin hanji ke samarwa ya fasa shi biyu. Ƙwayar gado mai suna LCT ce ke ba da umarnin samar da sinadarin. Kowane jariri yana da shi da yawa, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin mafi yawan mutanen duniya, kusan kashi biyu cikin uku. Wannan ba cuta ba ce, shi ne asalin halittar. Waɗanda nasu bai ragu ba, wani ɗan canji ne suka gada daga kakanni makiyaya, wanda ya bar sinadarin yana fita har tsufa.

Ɗaya daga cikin binciken farko a kan wannan a Afirka, a nan Najeriya aka yi shi, kuma da hannun likitan yara na asibitin koyarwa na jami'ar Legas da ke Idi-Araba, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya. Shi da Norman Kretchmer da abokan aikinsu sun wallafa sakamako a mujallar Lancet a 1971. Sun samu cewa kusan duk manyan Yarbawa da Ibo da suka gwada ba sa narkar da laktos, mafi yawan Fulani makiyaya kuwa suna narkarwa, sannan Hausawa da Fulanin gari da yawansu ba sa narkarwa. A 1975 suka bi iyalai, suka nuna cewa iya narkarwar gado ce, kuma ko daga ɓangare ɗaya aka samo ta, uwa ko uba, ta isa. Daga baya aka gano cewa canjin da Fulani ke ɗauke da shi irin na Turawan arewacin Turai ne, su kuma makiyayan Gabashin Afirka nasu canjin daban ne, kowa ya samu nasa ta hanyarsa.

To ina bakteriya suka shigo? Wanda ke narkar da laktos, ƙaramin hanjinsa ya shanye shi tun a sama, babu abin da ya rage. Wanda ba ya narkarwa, sukarin zai wuce ɗungurungum ya faɗa babban hanji. Kamar Mile 12 ne: irin kayan da motoci ke saukewa shi ke tara irin 'yan kasuwar da za ka gani, ranar da albasa ta cika filin, 'yan albasa ne za su yi yawa. Da laktos ya riƙa sauka, bakteriyar da ke cinsa za su yawaita, musamman Bifidobakteriya. Abin da masu bincike suka gani ke nan: masu gadon rashin narkarwa sun fi tara Bifidobakteriya, amma idan suna shan madara. Idan ba sa sha, bambancin ya dushe. Gadon bai ƙirƙiri bakteriya ko ɗaya ba, abin da ya yi shi ne ya bar musu abinci. Iskar da ke kumbura ciki kuwa ragowar cin da bakteriya suka yi ne, ruwan da sukarin ya jawo cikin hanji shi ke kawo zawo.

Wannan ya bayyana abin da mutane da yawa suka sani a jikinsu ba tare da sun san dalili ba. Mutum ya girma a Kano ko Gusau yana shan fura da nono lafiya ƙalau, ya zo Legas madarar gwangwani ta hana shi sakat. Nono da kindirmo sun kwana, bakteriyar da ta tsamar da su ta riga ta cinye wani kaso na laktos, kuma tana ci gaba da taimakawa a cikin hanji. Madarar gwangwani an rage mata ruwa ne, don haka sukarinta ya ninka na ɗanyar madara kusan sau biyu. Kuma yawancin marasa narkarwa suna iya ɗaukar kwatankwacin kofi ɗaya na madara ba tare da wata damuwa sosai ba, musamman tare da abinci. Ni ban ga dalilin da mutum zai haramta wa kansa duk wani abu na madara ba. Ya rage ta a shayi, ya koma kindirmo, ya duba ya gani.

Hanya ta biyu da gado ke bi ta fi ɓoyuwa. Bangon hanji a lulluɓe yake da wani yauƙi, kuma a jikin yauƙin akwai ƙananan sukari da jiki ke jerawa. Wata ƙwayar gado mai suna FUT2 ce ke yanke ko mutum zai fitar da sukarin rukunin jininsa a cikin yauƙin nan da miyau da nono, ko ba zai fitar ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar, a Turai da Afirka, ba ya fitarwa. Wasu bakteriya wannan sukarin suke ci, wasu ƙwayoyin cuta kuma shi suke kamawa su maƙale. Shi ya sa waɗanda ba sa fitarwa ba su cika kamuwa da wasu nau'o'in birus masu kawo amai da gudawa ba, irin su noro da wasu daga cikin rota, amma kuma sun ɗan fi shiga haɗarin wani ciwon kumburin hanji mai daɗewa da ake kira Kuron. Babu ɓangaren da ya ci riba duka. Uwar da ke fitarwa kuwa, nononta yana ɗauke da wani sukari da jariri ba ya narkarwa, Bifidobakteriyar cikinsa aka tanadar wa. A nan gadon uwa ne ke gyara hanjin ɗa, ta hanyar shayarwa. Duk uwa, ko wane iri ce, nononta yana da ire-iren waɗannan sukari masu yawa da madarar gwangwani ba ta kama ƙafarsu ba, kuma dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar ya fi kowanne yawansu. Yana min ciwo ƙwarai in ji har yanzu ana zubar da shi.

Rukunin jini ma ya shigo. An daɗe da sanin cewa masu rukunin O, waɗanda su ne kusan rabin 'yan Najeriya, idan kwalara ta kama su ta fi yi musu tsanani. Amma lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, ba rukunin jini ne ya raba wanda ya kamu da wanda ya tsira ba. Ruwan sha ne da tsaftar abinci, da rijiyoyin burtsatse da aka haƙa dab da ramin masai a gidajen da mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya.

Sai gyambon ciki, wanda shi aka fi liƙa wa sunan gado. Gaskiya ne ana ganin olsa tana bin gida. Babban dalili shi ne wata bakteriya mai suna Helikobakta, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna ita ke haddasa yawancin gyambon ciki, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Tun yarinta ake ɗaukarta, a cikin gida, daga uwa ko 'yan'uwa, ta miyau da ruwa da hannu. A Najeriya mafi yawan mutane suna ɗauke da ita, kuma galibinsu ba ta taɓa damunsu. Gado na iya sa wani ya fi wani saurin yin gyambo. Amma abin da ya ratsa daga uba zuwa ɗa a nan, mafi yawa bakteriya ce, kuma ana gwada ta a bayan gida ko numfashi, ana kashe ta da haɗin magani na kusan mako biyu a ƙarƙashin kulawar likita. Dalili na biyu kuma a aljihun 'yan'uwanmu yake. Ɗan dako a Mile 12 ko mai tura baro a Alaba Rago ya wuni yana ɗaukar buhu, da dare jiki ya yi tsami, ya tsaya wajen kemis a haɗa masa na ciwon jiki, a ciki akwai diklofenak ko ibufurofen, ya kora da ruwan leda cikinsa ba komai. Kullum haka. Waɗannan magunguna suna cin bangon ciki. Bayan shekara ya ce olsar gidansu ce ta tashi.

Idan rabon gado ƙarami ne, ina babban rabon? A 2010 aka kwatanta yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, abinci irin namu na gida, da yaran birnin Fulorens na Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya, sun fi tara masu narkar da harza irin su Firebotela, kuma sinadaran da ke ciyar da bangon hanji sun fi yawa a jikinsu. Wani zai ce ai waɗannan baƙaƙe ne waɗancan Turawa, gado ne. Amsar ta zo a 2015: aka ɗauki baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu, aka musanya musu abinci na mako biyu kacal. 'Yan Amurkan da suka koma cin abinci mai harza, butiret ɗinsu ya ninka fiye da sau biyu, alamun kumburi a hanjinsu suka ragu. 'Yan karkarar da aka ba maiƙo da nama, nasu ya juya ta ɗaya ɓangaren. A nan gida ma, Funmilola Ayeni ta jami'ar Ibadan da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2018 da ya kwatanta 'yan ƙabilar Bassa manoma na karkara da mazauna biranen Najeriya, suka ga halittun hanjin sun bambanta bisa irin rayuwa da abinci.

Wannan shi ne labarin Bahaushen Legas. Ya taso da tuwon dawa miyar kuka, kunun gero, dambu, kwaɗon zogale da rama, ɗanwake. Ya sauka Legas ba iyali, ba murhu, sai shayi da farin burodi da safe, farar shinkafa da rana, taliyar leda da ƙwai da dare, lemon kwalba a tsakani. Jininsa bai canza ba ko kaɗan, amma harzar da ke isa babban hanjinsa ta kusa yankewa. Taurin bayan gida da basir su biyo baya. Ban ce laifinsa ba ne, wanda ke kwana a shago ko a gindin tirela a Apapa ba shi da zaɓi mai yawa. Sai dai abin da ake bukata ba a nesa yake ba, kuma ba shi ne mafi tsada ba. Wake yana kowace kusurwa, Yarbawa sun iya shi. Ewedu ɗinsu shi ne lalonmu. Akwai kuɓewa, akwai dafaffiyar masara da gyaɗa, akwai masu fura da masu kunu a duk unguwar da Hausawa suka yi yawa, kuma gero da dawar ma mutanenmu ne ke sauke su a kasuwa.

Abu na biyu da ke rusa halittun hanji shi ne antibayotik da ake sha ba ƙa'ida. Ciki ya ɗan murɗa, sai Flagyl da kafso mai ja da rawaya, ba gwaji, ba likita. Maganin ba ya tantance na kirki da na banza. A wani bincike na 2018 da aka ba lafiyayyun maza 12 haɗin antibayotik mai ƙarfi na kwana huɗu, bayan wata shida akwai nau'o'in bakteriya da ba su dawo ba. Yawancin gudawar yara birus ne ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa shi. Abin da yaro ke bukata ruwan gishiri da sukari ne da zinki, da ci gaba da shayarwa, da rigakafin rota da aka sa cikin alluran yara a Najeriya tun 2022.

Masu tallan gwajin gado da kafson bakteriya a intanet, masu cewa za su tsara maka abinci daidai da jininka, ina ganin a yi hattara da su. Mafi yawan manyan binciken nan a kan Turawa aka yi su, kuma ko a can ɗin wurare ƙalilan ne aka tabbatar. Babban binciken halittun hanji na Afirka da ya fito a 2025 ya ƙunshi mata 1,801 daga Burkina Faso da Gana da Kenya da Afirka ta Kudu, kuma ya tono ɗimbin nau'o'in da ba a taɓa rubutawa ba. Ilimin da bai gama sanin abin da ke cikin hanjinmu ba, bai kai ya sayar mana da jadawalin abinci ba tukuna.

Akwai dai wurin da zancen gado ya kamata ya tayar da mutum tsaye, kuma a nan ne muka fi sakaci. Sankarar babban hanji tana bin dangi. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ta, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu, kuma akwai wasu iyalai ƙalilan masu wani gado da ke kawo ta tun kafin shekara 50. A asibitocinmu yawanci sai ta yi nisa ake ganinta, domin duk jinin da aka gani a bayan gida sunansa basir, a yi ta shan jiƙo wata da watanni. Jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko canjin yanayin bayan gida da ya wuce makonni, ko aman jini, ko abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro, waɗannan na likita ne, ba na kemis ba. Idan an je kuma, a gaya wa likita abin da Baba ya yi fama da shi da shekarun da ya fara, domin da wannan bayanin ne zai yanke ko za a duba cikin hanji da na'ura tun yanzu ko za a iya jira.